Inda muka kwana: aika budan zuwa wata jiha ba tare da ya lalace ba

'Yan uwa masu koyon haɗa sosej irin na mutanen Kajun na jihar Luwiziyana a Amurka, wato budan da anduwi, a karon da ya wuce mun tsaya a kan cusa haɗi cikin hanji. Yau maganar aikawa ce. Duk wanda hannunsa ya faɗa da wannan aiki a Luwiziyana ko Houston, ba a jimawa wani ɗan uwa da ke Minisota ko New York zai ce a sam masa.

A fara rarrabe kayan, domin ba juriyarsu ɗaya ba. Anduwi, wanda garin LaPlace ya yi suna a kansa, nama ne da ya sha gishiri ya kuma sha hayaƙi, saboda haka yana da ɗan ƙarfin hali a hanya, ko da yake shi ma sai da sanyi. Budan kuwa, na yankin Lafayette da garin Scott da majalisar jihar Luwiziyana ta naɗa wa sarautar budan a 2012, dafaffen nama ne da hanta da shinkafa da albasa da barkono, a jiƙe da romo. A taƙaice dafa-duka ce aka ɗura a hanji. Kilishi yana zuwa ko'ina a jaka don an raba shi da ruwa; budan ruwan ne daɗinsa, kuma ruwan ne ajalinsa. Na asali da alade ake yi, har ma na kaza da ake sayarwa a shaguna galibi hanjinsa na alade ne, sai a riƙa tambaya. Namu naman sa ne ko kaza a hanjin tunkiya, wanda ya fi siriri ya fi saurin fashewa. Wannan zai dawo mana a wajen ɗauri.

Shinkafar ce abin tsoro fiye da naman. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zama a busasshiyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta. Idan dafaffiyar shinkafa ta zauna tsakanin digiri 4 da 60 a ma'aunin Salshiyas, wato 40 zuwa 140 a ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, sai ta farka ta hayayyafa ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Ba lallai ne a ji wari ko a ga yauƙi ba. Don haka kada wanda aka aika wa ya ce zai shinshina ya gani. Ƙa'idar hukumar noma ta Amurka ita ce awa 2 kacal a wajen firji, awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32.

Ashe ke nan aikin aikawa tun daga tukunya yake farawa. Da an gama ɗurawa, a shimfiɗa budan ɗai-ɗai a faranti, kada a jibga shi a roba mai zurfi, domin na tsakiya zai kwana da ɗumi. Abin da ake nema shi ne ya sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, sannan ya kai 5 cikin wasu awa 4. In yana da yawa, a zuba a leda a tsoma cikin ruwan ƙanƙara, ya fi sauri.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne kai budan mai taushi kai tsaye bakin injin zuƙe iska. Injin zai matse shi, hanjin tunkiya ya tsage, shinkafa ta fito, romo ya bi ta bakin ledar ya hana ta liƙewa. A sa shi a firiza a kan faranti na awa 2 zuwa 3 tukuna, ya yi tauri, sannan a zuƙe. Kowace leda kamar rabin kilo, a shimfiɗe ba a dunƙule ba, a rubuta ranar haɗawa. A mayar firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, ya yi aƙalla kwana 1, kwana 2 ya fi. Ƙanƙarar da za a sa a akwati ba aikinta ba ne ta daskarar da abin da bai daskare ba. Riƙe sanyin da ke jikinsa kawai take yi. Budan da bayansa ya yi tauri amma cikinsa da saura zai cinye ƙanƙarar tun akwatin bai bar gari ba.

Akwati biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: kula ta farin soso mai kaurin bango inci ɗaya da rabi zuwa 2, sai kwali mai ƙarfi da za ta zauna a ciki daidai. Kular da ake sayarwa da arha don zuwa bakin ruwa bangonta siriri ne, murfinta kuma ba ya zama, a bar ta. A zaɓi girman da kayan za su kusan cika. Babbar kula da kaya kaɗan asara ce, domin duk wani fili iska ce da ƙanƙara za ta sha wahalar sanyayawa. Abin da ya rage na fili a toshe da dunƙulallun takardun jarida har sai an girgiza ba a ji motsi ba.

Sai zaɓin abin sanyi, kuma a nan ne ya kamata a ɗan daɗe. Ƙanƙarar ruwa ba ta shiga wannan magana, narkewa za ta yi ta jiƙa kwali. Ledojin jel da aka daskarar suna riƙe abu da sanyi amma ba sa hana shi saki; sun isa ga tafiyar dare ɗaya a lokacin hunturu, ko ga anduwi. Budan a watan Yuli ko Agusta sai busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon, mai sanyin digiri 78.5 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa, kuma a kula mai kyau tana raguwa da laba 5 zuwa 10 a kowace awa 24 (laba ɗaya kusan rabin kilo ce). Lissafin ke nan: tafiyar kwana 1 a sa laba 5 zuwa 10, ta kwana 2 a ninka, sannan a ƙara na kwana guda saboda jinkiri, don jirgi yakan makara. Dunƙule ɗaya babba ya fi 'yan ƙanana daɗewa. A saye ta ranar aikawa, domin ko a firizar gida ƙarewa take yi.

Jerin shi ne: babbar leda a shimfiɗe cikin kula, budan a ƙasa, jel a gefe, faifan kwali a kai, busasshiyar ƙanƙara a can sama tunda sanyi ƙasa yake gangarowa. Wannan faifan kwalin ba ado ba ne. Ledar da ta manne da busasshiyar ƙanƙara bushewa take yi ta tsage kamar ƙwai, iska ta shiga, budan ya yi fari-fari ya rasa ɗanɗano. A ɗauke ta da safar hannu mai kauri, tana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi.

Kada a liƙe murfin kula da salatif ta ko'ina, kada kuma a ɗaure babbar ledar a kan ƙanƙarar. Kilo 1 nata yana zama iska fiye da lita 500, in ba ta sami mafita ba akwatin zai kumbura ya fashe. Haka nan a mota a hanyar kai kaya, a sauke gilashi kaɗan.

A jikin kwali sai an rubuta "Dry Ice" da lambar UN1845 da nauyinta a kilo, a manna tambarin kaya masu haɗari aji na 9. Gidan wayar Amurka, USPS, ba ya karɓar fiye da laba 5 a kunshin da zai hau jirgi, kuma ba ya ɗaukarta zuwa ƙasashen waje sam. FedEx da UPS suna ɗaukar fiye da haka bisa nasu sharuɗɗan, amma ba kowane ƙaramin shagon karɓar kaya ne ke amsa ba, a buga waya kafin a tafi. Wanda zai riƙa da kansa a jirgi, kilo 2.5 aka yarda wa fasinja, da izinin kamfanin jirgin.

Ranar aikawa Litinin ce ko Talata. Kayan Alhamis in ya sami tangarɗa sai ya yi Asabar da Lahadi a sito. A duba kada hutun gwamnati ya faɗo a makon, a kuma tabbatar akwai mutum a gida, domin akwatin da ya tsallake jihohi biyar lafiya yana iya lalacewa a bakin ƙofa cikin rana.

Ga aikin gida na wannan mako, kafin kowa ya yi kasadar kayansa. A dafa shinkafa daidai nauyin budan da ake son aikawa, a ƙulla a leda a daskarar, a shirya akwatin kamar da gaske, a auna ƙanƙarar, a ajiye a gareji awa 48 ba a buɗe ba. In an buɗe a soka ma'aunin zafi a ledar da ke kusurwa, ba ta tsakiya ba, domin kusurwa ce ke fara saki. A rubuta kaurin kula, nauyin ƙanƙara da zafin gari a ranar. Kowace kula da halinta, wannan gwajin ne zai ba ka adadinka na gaskiya.

Abin da za a gaya wa mai karɓa kaɗan ne. Ya buɗe nan take. In budan yana da tauri, ko akwai sauran ƙanƙara a jikinsa, ko ma'auni ya nuna digiri 4 zuwa ƙasa, ya sa firiza, ya cinye cikin wata 1 zuwa 2. In ya iso zafinsa ya haura digiri 4, ko da kuɗin jigila ya fi na naman, shara ce, kada a ɗanɗana. Ana gobe za a ci, a sa shi a firji ya kwana ya saki, sannan a turara shi ko a sa a ruwan zafi da bai kai ga tafasa ba, har cikinsa ya kai digiri 74. Tafasa mai ƙarfi fasa hanjin take yi a tashi da faten shinkafa.

Masu tambayar aika wa gida Nijeriya kuwa, a haƙura. Naman sa da daskararrun kaji suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, Tarayyar Turai ma ba ta yarda mutum ya aiko nama daga waje a kunshi ba. Kuma duk wannan bayanin na kyauta ne tsakanin dangi. Wanda zai sayar wa mutanen wata jiha sai kayansa sun fito daga wurin da ma'aikatan duba nama na tarayya ke sa ido. Karo na gaba za mu koma kan anduwi da yadda ake riƙe wutar hayaƙi kada kitse ya tsiyaye.