Ƙanƙarar yau

Da la'asar ɗin nan aka yi ruwa da ƙanƙara, rufin ɗaki sai ƙara yake kamar ana jifansa da tsakuwa. Tana lafawa ɗana ya fita a guje ya tsinto guda, ba ta fi kan yatsa ba, ya ɗora mini a tafin hannu yana murna. Ina kallonta tana narkewa gabana ya faɗi, don na tuna ƙanƙarar Gopalganj a Bangaladash, ranar 14 ga Afrilu, 1986. Wata har ta kai kilo 1, mutum 92 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Yaro ya koma tsintarsa. Ni kuwa har yanzu tunanin wanda ta riska a fili nake, babu inda zai fake.