Asabar: yau aka gano ƙarar da ke ƙarƙashin Hilux

Kwana 12 ke nan motar nan ta hana ni sakat. In na ɗage ƙafa daga totur na sake takawa, sai in ji ƙwas daga ƙasa, kamar an buga guduma a bayan kujera. In ina lallaɓawa a cikin lungu kuma, wani siririn kuka ke bi na, ƙii-ƙii-ƙii, irin na ɓera. Ranar Laraba a wani gareji suka ce giyabos ne, sai an sauke. Zuciyata ba ta kwanta ba, don giya tana shiga lafiya lau, ba ta fita, ba ta gurnani. Duk da haka jiya da lissafin kuɗi na kwana.

Da na karya kumallo na nufi wurin tsohon bakaniken da ke duba wa mahaifina mota tun ina yaro. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya ce, "Shiga ka ja, ni saurare zan yi."

Muka hau titin Wudil. Da allura ta kusa 80, ƙasan mota ya fara karkarwa har cikin tafin ƙafa. Ya sa na mayar da giya firi. Inji ya lafa, karkarwa tana nan. "Ka ji ko? Ba inji take bi ba, gudun mota take bi." Da hanya ta yi fili ya ce in ɗan karkata dama, in dawo hagu. Da boris ɗin taya ne, in ji shi, da sautin ya sauya yayin da nauyi ya koma gefe guda. Bai sauya ba. Da aksul ɗin baya ne kuwa, da mun ji gunji mai tashi da sauka tare da totur.

Sai ya tambaye ni ko ina barin ogzilari a 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, a kan kwalta, domin irin wannan motar in an haɗa gaba da baya, dole su juya daidai, a busasshen titi kuwa taya ba ta samun sulɓin da za ta sauke wannan ƙarfin, sai ƙarfe ya ci ƙarfe.

"A'a Baba, sai a hanyar gona."

"To bana ka shiga ruwa da ita?"

Na yi shiru. Duk daminar nan ta cikin rafi nake ratsawa.

A kan rami muka tare tayoyi da duwatsu, muka sauka tare. Ya kama farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul ɗin baya, da hannu biyu ya murɗa, sai ga ƙwas ɗin nan a gaban idona, daga kuros na baya, wato mahaɗin da ke ƙarshen farfelar. Ya haska fitila: wani jan gari ya zagaye murfinsa, kamar an barbaɗa barkono. Tsatsa ce. Bakin da ake ɗura giris laka ta toshe shi, alhali duk sabis ana ce min an yi giris. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai.

Kafin ya kwance farfelar sai da ya shata mata alama da fenti, don ta koma yadda ta fito, kada ta zo da sabuwar karkarwa. Da ya buɗe murfin kuros ɗin ya zazzage a tafina. Ƙananan allurai ne da ya kamata su jeru tsaf cikin giris, amma sun bushe ƙayau, wasu sun karye, wasu sun zama gari. Na tuna yara na ɗauka a motar nan Juma'ar da ta wuce, jikina ya yi sanyi, don in ya tsinke ana gudu farfela na iya faɗowa.

Yaronsa ya sayo sabon kuros a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, kuɗin bai kai na taya ɗaya ba. Bayan la'asar na taho gida, rediyo a kashe, gilashi a sauke, ina kasa kunne. Shiru. Litinin zan koma a duba man aksul, ya ce in ya yi fari kamar madara, to ruwa ya shiga can ma.