Wasiƙa daga Alƙahira: Ku Riƙa Sanar da Mu Labarin Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu da yayyenmu na gida, musamman waɗanda ke da ɗa ko 'ya a ƙasar Masar. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga Alƙahira, inda nake karatun Shari'a a Jami'ar Azhar, domin in isar da wata magana da muka daɗe muna yi a tsakaninmu mu ɗalibai, amma nauyin baki ya hana kowa faɗa wa mahaifinsa a waya.

Yawancin mutanen gida suna ganin wanda aka tura Masar bai yi nisa ba, kuma suna da hujja. Ƙasar Musulmi ce, kiran salla ba ya yankewa, hanya ce kuma da magabata suka daɗe da takawa, domin tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makaranta da masauki nasu a wannan birni, sannan a masallacin Azhar, wanda aka fara salla a cikinsa a shekarar 972, a da akwai sashen da aka keɓe wa ɗalibai Barnawa. A kasuwa ma mutum zai tarar da zoɓo da kuɓewa da lalo. To amma wannan kusanci shi ne yake sa a manta cewa yaron da aka raka filin jirgi baƙo ne a nan, kuma baƙuntarsa tana farawa daga harshen da ya zo da taƙamarsa. Wanda ya sauke Alƙur'ani, ya ci nahawu a zauren malaminsa, idan ya shiga motar haya ya yi wa direba Larabcin littafi, wani lokaci amsar da zai samu ita ce murmushi da "sadaƙallahul azim". A aji ma malami yakan fara darasi da Larabci tsantsa, da bayani ya yi daɗi sai ya zarce cikin ammiyya, wato Larabcin yau da kullum na mutanen Masar, ya bar baƙi riƙe da biro suna kallon juna.

Batun kuɗi kun fi mu saninsa, tunda daga aljihunku yake fitowa. Naira ta faɗi bayan da aka sakar wa kasuwa farashinta a watan Yunin 2023, fam ɗin Masar shi ma ya faɗi a watan Maris na 2024, daga kusan fam 31 a dala guda zuwa wajen 50, yaƙin Sudan kuma da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro jama'a masu yawa zuwa nan har kuɗin haya ya tashi. Wanda ya samu gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi, yana da sauƙi. Sauran kuwa sai su haɗu su kama gida a unguwanni irin su Hayyul Ashir, suna raba haya da kuɗin wuta, ga layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da ake sammako dominsa, ga sanyin Janairu da yake zuwa daidai da jarrabawar zangon farko a gidajen da ba a gina su don sanyi ba. Duk wannan ana jurewa, kuma ban rubuto don in yi kuka a kansa ba.

Kewar gida ita ce ba a faɗa, domin namiji yana jin kunya ya ce yana kewar mahaifiyarsa, ita kuma mace tana tsoron a ce ta dawo. Amma wanda ya ga yadda ake tarbar ɗalibin da ya dawo daga hutu zai gane halin da ake ciki. Tun kafin ya huta za a kewaye jakarsa, a fito da ƙullin kuka da daddawa da yaji, a zauna ana aunawa da cokali, kowane gida da kasonsa, har wanda ba ya cikin kason ya tsaya yana shinshina ledar. Ran nan za a tuƙa tuwon shinkafa, a ci a faranti ɗaya, ana tambayar mai dawowa ko an yi ruwa, ko an gyara titin unguwa kaza, ko mai shayin bakin kasuwa yana nan. Azumi a nan yana da armashi ƙwarai, da fitilunsa da shimfiɗun buɗe-baki a tituna da kuma wanda ake yi wa ɗalibai a harabar Azhar. Ranar Salla ce mai wuya, domin da an sauko daga idi babu gidan da za a je gaisuwa, babu ƙanen da zai zo neman barka da salla, sai kowa ya koma ɗaki yana kallon hawan salla a waya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai al'adar da ta yaɗu a gidajenmu ta ɓoye wa ɗalibi labari marar daɗi har sai ya gama jarrabawa, ko ma har sai ya dawo. Na san tausayi ne ya kawo ta, amma an ƙirƙire ta ne a zamanin da wasiƙa take yin wata guda a hanya. Wani abokin zamanmu yana zaune muna cin abincin dare, ya buɗe Facebook, sai ya ga hoton kakarsa da ta rene shi, wani ɗan unguwarsu ya rubuta addu'a a ƙasa, alhali har an yi sadakar uku. Da safen ranar ya yi waya da gida, an ce masa kowa lafiya. Mun taru a ɗakinsa, muka yi saukar Alƙur'ani, muka haɗa abin sadaka, amma abin da ya riƙa maimaitawa shi ne da ya san tana kwance da ya nemi a kara mata wayar a kunne. Tun daga ranar, duk lokacin da aka ce masa lafiya lau sai ya kira wani daban ya tabbatar, mu ma da muka gani haka muka koma yi. Hankalin da ake son a kwantar masa ya fi tashi yanzu, domin kullum yana zargin akwai abin da ba a faɗa masa ba.

Saboda haka ina roƙonku, da girman da Allah Ya ba ku a kanmu, idan wani ya kwanta ciwo ku faɗa mana tun yana iya magana, idan kuma ta Allah ta kasance, babba a gida ya kira da kansa kafin labarin ya riga shi ta intanet. A nan akwai manyan ɗalibai da suka san yadda ake zama da mai makoki, kuma jarrabawa ana iya sake ta. Ƙananan labarai ma muna so: wadda aka sa wa rana, wanda aka yi wa haihuwa da sunan da aka raɗa, yadda gero ya yi a gona bana. Idan kun kira, bayan tambayar karatu da ko kuɗi sun iso, ku ƙara minti biyu a kan waɗannan, ku kuma miƙa wa Inna da yara wayar.

Jarrabawar zango na biyu tana tafe, muna neman addu'arku. A gaida malamanmu da duk mutanen unguwa.

Wassalam.

Ɗanku,
wani ɗalibi a Alƙahira