Matakalar Santorini da gwiwar Hajiya

Laraba, dare ya raba.

Yau muka sa za mu yanki tikitin Santorini, tsibirin nan na ƙasar Girka, ga shi har gari ya yi tsit ba mu yanka ba. Tun la'asar wata magana take cina a rai, na juya na juya barci ya ƙi, shi ne na taso na zauna a falo.

Da safe kam komai lafiya lau. Na raka Ummi makaranta, na biya kasuwar titi ta ranar Laraba na sayo inabi da kifi da tumatir. Hajiya ta duba tumatirin ta ce girma kawai gare shi, ba ya ja a miya. Ta kaɗa mana kukar da ta zo da ita, gidan duk ya ɗauki ƙamshin daddawa, har ƙaramin ya yi ƙari. Raina fes na buɗe kwamfuta bayan azahar, don Abbansu ya riga ya ce in tsara komai, shi nasa biya.

Tsarin ba wani mai wuya ba ne. Kwana biyu, mu tafi Asabar mu dawo Litinin. Daga nan Atina jirgin sama bai cika awa ɗaya ba, amma ni tun farko ruwa nake so mu bi. Akwai jirgi mai gudu da ke yin wajen awa biyar, sai dai shi in iska ta taso girgiza mutane yake yi har su yi ta amai, kuma ba a cika barin mutum ya fita waje ba. Babban na kamfanin Blue Star shi ya kwanta min. Yana barin tashar Pireas wajen bakwai da rabi na safe, ya tsaya a Paros, ya tsaya a Naxos, ya isa bayan kusan awa takwas. Da nisa, na sani. Amma mutum zai zauna a sarari iska na kaɗa shi, ya ga tsibirai suna wucewa, ya sha shayinsa. Kun tuna ranar da muka kai Hajiya bakin teku a Faliro, ta tsaya riƙe da ƙarfe ta ƙi tafiya har sanyi ya fara sauka? Tun ranar na ƙudurta sai ta hau ruwan nan kafin ta koma.

Bayan la'asar na ɗauki kwamfutar na je na zauna a gefenta. Tana kan darduma, ta miƙe ƙafa, tana shafa man zafi.

"Hajiya, ga inda za mu kai ki."

Ta sa tabarau. Fararen gidaje a saman dutse, ƙubbobi shuɗaye, teku can ƙasa. Ta ce masha Allah, ta tambaya ko masallatai ne, na ce coci-coci ne. Ta gyaɗa kai. Sai na ga yatsarta ta sauka kan hoton Fira, babban garin tsibirin, tana bin wani layi da ya nannaɗe daga saman gari zuwa bakin ruwa.

"Ke, wannan duk matakala ce?"

Na ce e, ta tsohuwar tasha ce, ta kusa 600, amma ba ta nan za mu bi ba. Masu zuwa a manyan jiragen yawon shaƙatawa su ake saukewa a nan, kuma ko su ɗin akwai keken igiya da ke haurawa da mutum cikin 'yan mintuna. Mu namu jirgin a Athinios zai tsaya, mota na jira a bakin tasha. Ta ce to waɗannan dabbobin fa? Na ce jakuna ne da alfadarai, masu yawon buɗe ido ke hawa, har gwamnati ta kafa doka a 2018 cewa kada a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ce bayin Allah, a wannan hawan, cikin rana.

Na matsa gaba na nuna mata garin Oia, na ce nan ake taruwa da yamma a kalli faɗuwar rana, in ta nutse a ruwa sai jama'a su ɗau tafi. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Da magariba? Da yara a waje? Salla fa?"

Na ce za mu san yadda za mu yi. Ta ci gaba da kallo. Kowane hoto na buɗe, ni ina ganin ƙofa mai kyau da furanni, ita kuma ido na kan ƙasa. Nan tudu, nan gangare, nan hanya ƙunƙuntacciya cike da mutane kafaɗa da kafaɗa. Ɗakin da na so in kama ma, wanda aka fafe a jikin dutse yana kallon teku, sai an sauka matakala mai yawa kafin a kai ƙofarsa. Ta cire tabarau ta ninke.

"Ku je abinku, ke da maigidanki. Ku bar min kishiyata da angona, mu ma za mu yi namu shagalin a nan. Kuɗin da za ku kashe a kaina ku tura wa Auta, ya cika na makaranta."

Na ce haba Hajiya, ai don ke aka shirya. Ta ce na ji, Allah ya yi albarka, ku je. Da ta faɗi haka da wannan muryar an gama, duk wanda ya tashi a gidanmu ya san haka. Na rufe kwamfuta na shiga kicin, raina a ɗan ɓace, ina cewa a zuciyata tsofaffin nan ba a iya musu.

Ina wanke kifi ne na ji ta a baranda suna waya da Gwaggo. Tagar kicin a buɗe take, kuma kun san Hajiya ba ta iya waya a hankali ba. Sun gama gaisuwa, sun taɓa maganar bikin da ke tafe, sai na ji ta rage murya, amma duk da haka ina ji.

"Wallahi ina so in hau ruwan nan ko sau ɗaya ne a rayuwata. To amma ƙafar nan ba tawa ba ce yanzu. In je in zame musu kaya? Ɗan mutane ya kashe kuɗinsa, ya kuma tsaya yana jirana a kan kowace matakala, ni ina haki a gabansa? Da kunya."

Na kashe famfo na tsaya. Kifin na hannuna na ma manta da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san da ciwon. Ni nake sayo mata man zafin. Ni na ga ranar da ta fara yin nafila a kan kujera, sannan farilla ma ta koma kujerar, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Ina ganin yadda take jan numfashi kafin ta miƙe, yadda take dafa bango a asirce in ta ɗauka babu mai kallo. Amma ban taɓa jin ta faɗa da bakinta cewa akwai abin da take so, jiki ya hana ta ba, sai yau. Kuma ba ni ta faɗa wa ba.

Hajiyar da take tafiya a ƙasa daga gidanmu har Kurmi ta dawo da kaya a ka, ba ta ko zauna ba ta ɗora girki. Hajiyar da ta hau da mu Dutsen Dala wata ƙaramar salla, Auta a bayanta, mu muna kukan gajiya ita tana gaba tana cewa ku taho ku ga gari. Mun kai sama ta nuna mana Goron Dutse, ta nuna mana hasumiyoyin babban masallaci, ta ce can gidanmu yake. Ita ta koya min son ganin wuri. Yau ita ce ke ƙirga matakala a hoto.

Na yi kuka na a kicin, na wanke fuska, na soya kifi.

Bayan magariba na sake buɗe taswira, wannan karon da gwiwar Hajiya nake dubawa. Ashe tsibirin ba duka ne gaɓar dutse ba. Ɓangaren yamma shi ne mai tsayin, inda dutse mai aman wuta ya fashe shekara wajen 3,600 da suka wuce, tsakiyar tsibirin ta rufta teku ya cike gurbin, garuruwan da ake ɗauka a hoto suka zauna a bakin ramin. Gabas kuwa gangarowa yake a hankali har bakin ruwa. Garin Kamari na can, shimfiɗe, da doguwar hanya a gefen teku, baƙin yashi da tsakuwa, wuraren zama a jere. In muka sauka a nan, ɗakin ƙasa, Hajiya za ta fito daga ƙofa ta ga ruwa ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Motocin bas na tsibirin duk a Fira suke haɗuwa, ko ina za ka sai ka biya ta can ka sake wata, a tsaye ma wani lokacin, don haka ƙaramar mota za mu ɗauka haya, Abbansu ya tuƙa. Oia kuma da safe, kafin mutanen manyan jirage su hauro. Tsibirin da mazaunansa ba su wuce 15,000 da ɗoriya ba, a rana ɗaya jiragen nan kan juye masa dubbai, har sai da hukuma ta ƙayyade 8,000 a rana, ta kuma sa musu harajin yuro 20 kowane mutum a tsakiyar bazara. Faɗuwar rana na yafe ta. Mu yi sallarmu a ɗaki cikin natsuwa.

Sai Akrotiri. Wannan da ban sa shi a gaba ba, na ɗauka yara za su gaji.

Bayan isha na koma wurinta, ban ce mata za mu je ba, na ce Hajiya ki ga wani abin mamaki. Gari ne guda da toka ta binne lokacin fashewar nan, ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa har 1967 da Spyridon Marinatos ya fara tono shi. Gidaje masu hawa biyu da uku, lunguna, magudanan ruwa a ƙarƙashin hanya, zane a bango da launinsa, manyan randuna a jere inda masu su suka bar su. An yi wa wurin rufi gaba ɗaya, an shimfiɗa hanyar katako ana bi ana leƙawa, babu rana. Ta karɓi kwamfutar da hannunta, abin da ba ta yi ba ɗazu. Ta daɗe a kan hoton randunan.

"Mutanen fa?"

Na ce ba a sami gawarwaki a ciki ba. Masana na ganin girgizar ƙasa ce ta fara yi musu gargaɗi, suka kwashe abin da za su iya suka fita.

"Suka bar tukwanensu." Ta yi shiru. Sai ta karanto ayar nan da ke cewa ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba, ta ce irin wannan ai ya cancanci a je a gani da ido. Ta sake matso da hoton kusa da fuskarta. "Akwai wurin zama a ciki, in mutum ya gaji?"

Na ce gobe zan kira in tambaya. Zuciyata har bugawa take.

Abbansu ya shigo a makare, na tare shi a ƙofa na faɗa masa abin da na ji a baranda. Bai ce uffan ba. Ya cire takalmi ya je ya durƙusa nesa da ita kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, sannan kansa a ƙasa ya ce, "Hajiya, tafiyar nan taki ce. In kin zauna sau goma a hanya, mu ma sau goma za mu zauna. In ba ki je ba, babu mai zuwa." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya ba ku masu yi muku. Ba ta ce e ba. Ba ta kuma sake cewa ku je abinku ba.

Yaya kuma ya turo saƙo a zauren gida na WhatsApp, wai ba nan ne aka yi ta girgizar ƙasa ba? Nan ne, a farkon 2025, makonni ana yi, aka rufe makarantu, dubban mutane suka bar tsibirin, daga baya abin ya lafa jama'a suka koma. Na faɗa wa Hajiya komai, ba na son ta ji a bakin wani. Ko a jikinta. Matakala dai ita ce damuwarta.

Abinci: naman da ake yankawa a gasasshen sandan nan nasu galibi na alade ne, don haka kifi, da faten wake nasu mai ruwan ɗorawa, da tumatirin da suke soyawa da fulawa. Zan ƙulla dambun nama da yajin Hajiya. Ruwan sha na roba. Kujerar salla mai naɗewa, in ta shiga jaka.

Bizarta ta kusa cika, kuma ban san yaushe za a sake ba ta wata ba, ko in an ba ta ƙafar za ta yarda da doguwar tafiya. Wannan tunanin ne ya hana ni barci, ba tikiti ba.

Gobe da safe: otal ɗin Kamari, in ji ko daga titi zuwa ɗaki akwai hawa ko da uku ne. Kamfanin jirgi, in ji yadda tsofaffi ke hawa daga ƙasa zuwa wurin zama. Kantin magani, abin ɗaure gwiwa. Sanda kam na san ba za ta riƙe ba, ba zan ma kawo maganar ba.