Kafin ka juye ƙasar nan a gindin bishiya

Jiya da hantsi na leƙa gidan ɗan ƙanwata, na tarar tifa ta juye ƙasa a ƙofar gida, shi kuma yana ta jida da baro zuwa gindin babbar bishiyar da ke wurin. Wai lambun inuwa zai yi, a waya ya gani. Na ce ya dakata. Ya ce, "Kawu, ai ƙasar wurin ce ta mutu, ko ciyawa ba ta fitowa." Abin da na faɗa ke nan da bakina shekara 14 da suka wuce.

Ni ma bishiya na tarar a ƙofar gidana, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙarƙashinta fayau, sai saiwoyi kwance a sarari. Na sa aka gina mata da'irar bulo, na cika da ƙasa kusan rabin mita har ta rufe gindin, saiwar da ta tare min hanya kuma na sa diga na datse. Sannan na dasa furen wardi, abin da ke son rana ta awa 6 ko fiye a yini, a wurin da da ƙyar yake samun awa 2. Suka yi tsawo sirara, suna karkata wajen haske, babu fure. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Suka ruɓe, dodon koɗi da sauro suka samu gida.

To amma a yi min adalci. Wa ya taɓa gaya mana yadda saiwa take? Duk mun ɗauka ƙasa take nutsawa kamar yadda bishiya ta yi sama. Ashe mafi yawan saiwoyi a santimita 60 na saman ƙasa suke, suna bazuwa har su wuce inda rassa suka tsaya, kuma ƙananan cikinsu iska suke shaƙa. Na binne su da rai. Magini ma da ya yi bulon bai ce uffan ba. Ko da yake maiɗakina ta ce, na ce mata ta bar wa maza aikinsu.

Muguntar abin, bishiya ba ta mutuwa nan take balle ka gane laifinka. Shekarar farko lafiya lau. Ta biyu ganye ya ƙanƙance. Ta uku rassan sama suka fara bushewa, na ɗora wa gara, na ɗora wa zafi. Sai ranar da aka zo sare ta, aka yaye ƙasar, na ga ɓawon gindin ya ruɓe zagaye. A lokacin na riga na koyi dasa tsirrai masu faɗin ganye da ke son inuwa, sun kama, sun yi kyau. Inuwar ta tafi, rana ta ƙone su cikin mako biyu. Har yau ina cewa da ma tsohuwa ce, wataƙila kwananta ne ya ƙare. Ban yarda da kaina ba idan na faɗa.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, amma wa zai karanta? Ku da ko bidiyon minti uku sai kun tura gaba.

Kada ka ƙara ƙasa a kan saiwa. Ganyen da bishiyar ke zubarwa, wanda kake sa a share kullum, shi za ka shimfiɗa, kaurin santimita 5 zuwa 8, kuma kada ya taɓa gindin. Ciyawa ba don ƙasa ta mutu ta ƙi fitowa ba: haske ne babu, rassa sun tare ruwan sama, saiwa ta shanye saura. Inuwar bishiya busasshiya ce, ba kamar yadda ido ke gani ba. Saboda haka ka yi ban ruwa sosai a shekarar farko. Na san yanzu na ce ruwa ne ya ruɓar da nawa. Eh, ya ruɓar. Cusa yatsa cikin ƙasar ka ji, ba sai waya ta gaya maka ba.

Ka zauna ka kalli wurin shekara guda, ka ƙirga awa nawa rana ke sauka a kowane lungu, domin ranar safe daban, ta yamma daban, kuma inuwa tana sauya wuri da sauyin yanayi. Kai, na san ba za ka jira shekara ba, ni ma ban jira ba. To dasa yanzu, amma ƙananan dashe, ramin da bai wuce tafin hannu biyu ba. In ka ci karo da saiwa mai kauri, kai za ka matsa, ba ita ba.

Na baro yaron tsaye da shebur a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana cewa, "To Kawu, ƙasar da na riga na saya fa?" Gobe zan koma in ga inda ta kwana.