Takardar Izinin Uba: Yadda Na Fita Da Ɗana Asibiti A Misira

Da likitocin Kano suka ce aikin zuciyar yarona sai an kai shi waje, kuɗin da dangi suka haɗa da na shanun da muka sayar na mutum biyu kawai suka isa. Malam, mijina, ya ce ni zan tafi da shi Alƙahira, shi ya tsaya kan gona da sauran yaran, don damina ta riga ta kankama. A ƙauyenmu na ƙasar Ringim, miji ya ce "Allah ya kiyaye hanya" shi ke nan, izini ya samu. Amma jami'in da ke filin jirgi bai san mijina ba, ba ya wurin lokacin da ya faɗa. Abin da ke rubuce kaɗai zai duba.

Tun a wajen fasfo maganar ta taso. Yaron da bai kai shekara 18 ba, Hukumar Shige da Fice na neman takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar NIN, da wasiƙar amincewar iyaye. Ɗana a gida na haife shi, ungozoma ta yanke cibi, don haka sai da muka fara zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma aka yi masa rajistar haihuwa kafin mu nufi Dutse.

Inda ya fi cin rai shi ne suna. A gida Abba muke ce masa, saboda sunan kakansa ya ci, ni kaina ba na kama sunan. Shi kuma Malam, kamar yawancin mazan yankinmu, sunan gari ne a ƙarshen katinsa, alhali takardar yaron da sunan uba ta ƙare. Mu a wurinmu duk abu ɗaya ne. A idon wanda bai san mu ba kuwa, babu abin da ya haɗa yaron nan da mutumin da ya sa hannu. Ƙanena, wanda malamin makaranta ne, ya baje takardun a kan tabarma yana bin su harafi bayan harafi, sai da sunan uba ya zo iri ɗaya a ko'ina.

Takardar izinin tafiyar daban take da ta fasfo. An rubuta cikakken sunan Malam, da na yaron, ranar haihuwarsa da lambar fasfonsa, sunana da tawa lambar, ƙasar da za mu, dalilin tafiya, ranar fita da ta dawowa, sai lambar wayarsa. Ƙanena ya ba da shawarar a tsawaita ranar dawowar, tunda jinya ba ta da tabbas, kuma hakan ya yi mana rana. Muka kai kotu aka mayar da ita takardar rantsuwa. Malam allo ya yi, bai yi boko ba, sai aka karanta masa da Hausa, aka rubuta a ƙasa cewa an fassara masa ya gane, sannan ya dangwala babban yatsa, aka buga hatimi. Muka liƙa kwafin katin shaidarsa a baya.

A filin jirgin Malam Aminu Kano jami'ar ta dube ni, ta dubi yaron, ta ce, "Hajiya, ina babansa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, yana gida, ga izininsa."

Ta karanta, ta sunkuyo ta tambayi yaron wace ce ni. Ya ce Ummansa. Ta miƙo mini takardun ta yi masa addu'ar samun lafiya.

Wasu matan na jin tambayar nan kamar zargi, ni ban ji haka ba. Fataucin yara gaskiya ne, shi ya sa aka kafa hukumar NAPTIP, mai yaƙi da fataucin mutane, a 2003. Da wani ne ya kamo hannun ɗana zai fita da shi, so nake a tsare shi har sai an kira ni.

Waɗanda nake tausayawa su ne zawarawa. Aure ya mutu, yaro na hannun uwa, ga rashin lafiya, kuma sai an koma neman sa hannun mutumin da ko gaisawa ba a yi. Wadda ke cikin wannan hali ta tura waliyyinta ko mai unguwa tun da wuri. In uban ya ƙi, alƙali ne zai ba da takardar riƙon yaro. Wadda mijinta ya rasu kuwa, takardar shaidar rasuwarsa za ta riƙe. Masu mazaje 'yan ci-rani a Legas ko Fatakwal, ku sa a rubuta lokacin da suka zo gida, in har an san ranar tafiyar, domin saƙon murya ta WhatsApp ba ya maye gurbin hatimin kotu. Sannan a tambayi kamfanin jirgin da mai yi muku biza ko ƙasar da za ku tana da nata sharaɗin, don kowace da irin abin da take nema.