Wasiƙar da na tura ban gwada ba

Ƙannena masu shirin fara wasiƙar wata-wata a kan harshen kwamfuta, ku zo ku ji kunyar da na sha, ko ta rage muku hanya.

A Jidda na fara tawa, a kan wani harshen kwamfuta mai suna Rust, saboda 'yan uwanmu Hausawa da ke koyonsa a nan Saudiyya: ɗalibai a Madina, ma'aikata a Riyad, da samarin Makka waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu ƙwari. Na yi alkawarin duk wata ban zauna na yi lissafi ba. Tun da sigar 1.0 ta Rust ta fito a watan Mayun 2015, bayan kowane mako 6 ake sakin sabuwa, ranar Alhamis. Ke nan 8 ko 9 ne a shekara, watanni kuwa 12. Dole wani watan ya zo maka hannu rabbana, babu sabuwar sigar da za ka ba da labarinta.

Yulin 2022 irin wannan watan ne. Ga hidimar alhazai, baƙi daga gida sun cika mini ɗaki, ga masu karatu suna jira. Sai na ci karo da wani sabon salon rubutu mai suna let else, ya burge ni, na zauna cikin dare na zuba masa kirari, na kwafo misali na manna, na tura. Ban gwada ba. Ashe abin bai wuce sigar gwaji da ake sabuntawa kullum da dare ba, alhali Rust hawa uku ne: ta dare, ta beta, sannan tabbatacciya wadda kusan kowa ke aiki da ita.

Bayan sallar asuba wani ɗalibi ya turo mini hoton allon kwamfutarsa, ga E0658 da jan rubutu ɓaro-ɓaro, lambar da ke nufin abin bai tabbata ba tukuna. Ya ce, "Yaya, ko dai tawa ce ta lalace?" Ya kwana yana gogewa yana sake saka Rust, don a ransa Yaya ba ya kuskure. Wallahi wannan ya fi yi mini ciwo fiye da a ce zagina ya yi. Sai a sigar 1.65, a Nuwamban shekarar, abin ya iso hannun kowa.

Akwai kuma watan da na rubuta misali a waya, ita kuma ta lanƙwasa mini alamomin zance don ado, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara wa kwamfuta abin da ka rubuta, ta ƙi karɓa. Shi ma rashin gwaji ne.

Don haka kada layi ɗaya ya fita sai ka bi shi da cargo run, wato umarnin da ke haɗa shirin ya kunna shi, a kan tabbatacciyar siga, ka kuma rubuta lambarta a saman misalin. Ka nemi abokin aiki ya sake gwadawa a tasa kwamfutar. Na daɗe ina ƙin haka, ina ganin kamar za a raba ni da sunana ne, har rashin lafiya ta kwantar da ni wasiƙa ta yi wata biyu shiru.

Watan da babu labari kuwa, kada ka tafi farautar sabon abu. Koma kan abin da ke kayar da mai koyo. Ni dokar aro na ɗauka, wato ƙa'idar Rust kan wanda zai iya karanta bayani da wanda zai iya canza shi, na kwatanta ta da allon makaranta: almajirai goma na iya leƙa allo ɗaya su karanta, amma in za a wanke a sake rubutu, sai ya zama a hannun mutum ɗaya. Ban taɓa samun amsoshi kamar na wannan watan ba, har da wani dattijo direba da ya ce a ƙara masa bayani, shi ma jikansa yake taya koyo. Shi ne kuma ya tambaye ni, "Ɗana, wata-watan nan naku, na Musulunci ne ko na Bature?" Na ce na Bature ne, Baba, amma a Ramadan da Zulhajji mukan tura da wuri.